Zanen da Yaya Ya Zaɓa

Albashir ne ya fara yin jirgi a gidansu, kuma yana so a riƙa tunawa da hakan. Tun suna yara a Zauro shi ne yake fere karan dawa ya haɗa fiffike da jela, ƙanensa Mujtaba yana tsugune a gefe yana miƙo masa ƙayar da za a soke su da ita. Da suka girma, shi ya fara sayen rimot da ɗan inji, shi ya nuna wa Mujtaba yadda ake ɗora jirgi a kan yatsu biyu a ji inda nauyinsa ya rinjaya. Amma yau in ka shiga Argungu ka ce ina mai jirgi, har ƙofar gidan Mujtaba za a raka ka. In ka shiga Gwadangaji ka yi wannan tambaya, sai a ce maka wane jirgi. Albashir mai sola aka sani a can, mai hawa rufin mutane yana ɗaura musu farantin wutar hasken rana.

Wannan bai dame shi ba kamar maganar mahaifinsu, Malam Riskuwa. Tsohon yana da kalma guda da yake maimaitawa a gaban kowa: Mujtaba yana da hannu. In famfo ya lalace, Mujtaba yana da hannu. In an yaba ƙofar da aka sa wa zaure, hannun Mujtaba ne. Albashir kuwa yaron kirki ne, mai zumunci, ba ya tsallake Juma'a bai zo gaisuwa ba. Shekarunsa sun haura arba'in, yana da 'ya'ya, amma duk lokacin da aka ce masa yaron kirki sai ya ji kamar an ba shi ƙanzo bayan an kwashe tuwon. Da mahaifiyarsu ta rasu, tsohon ya tsallake Gwadangaji da ke nan kusa da gonarsa, ya tafi Argungu ya zauna gidan ƙaramin. Ya ce iskar can ta fi masa. Albashir ya ce to, ya ɗauki jakarsa ya sa masa a mota, abin kuma bai taɓa sauka daga ransa ba.

Wata Juma'a ya je Argungu ya tarar da su a inuwar darbejiya, tsohon a kan buzu, Mujtaba yana wanke hannu daga baƙin mai, don gyaran injin ban ruwa yake yi. Idon Malam Riskuwa ya yi nisa a lokacin. Likita ya ce ba zai dawo ba, sai dai a rage masa gudu. Yana gane mutum in ya matso a hankali, yana gane launi in yana da faɗi, abin da ya gifta da sauri kuwa ya wuce shi ke nan.

Bayan gaisuwa tsohon ya ɗauko labarin da ya saba. Yana saurayi wani kamfanin noma, wanda ya daɗe da mutuwa, ya kawo jirgin feshi fadamar Zauro, aka ɗauke shi mai tuta. Albashir ya ji labarin nan har ya daina jin sa, saboda haka ya zaro waya yana duba saƙon wani da batirinsa ya ƙi caji.

"Kana tsaye bakin gona da hwarin ƙyalle bisa gora," in ji tsohon. "Tun shina nesa kaka ɗagawa, don matuƙi shi gane layinai. Kuma mai tuta ba shi kallon jirgi. In kaj ji ƙugin ya cika ma kunne, sai ka duƙe ka sa huska ƙasa, in ba haka ba magani shi cika ma ido. Iska ta buge ka ga ƙeya, hula ta tahi. Ka miƙe, ka gusa, ka jira shi juyo."

Ya murza carbi, sannan ya ce da dai jirgin nan zai ƙara bi ta bisa kansa ko sau guda, kafin ya bar duniya. Daga nan ya tashi ya shiga ciki ya kishingiɗa.

Mujtaba ya jira har ya shige, sannan ya ɗauko wasu takardu a naɗe ya shimfiɗa a kan tabarma, ya danne kusurwoyinsu da sifana da kofin shayi. Zanen jirgi ne guda biyu, ya samo su a intanet, an buga masa su falle-falle ya liƙe da salatif har kowanne ya kai faɗin ƙofa.

"Yaya, so nike in yi ma Baba jirgin ga nai, ƙarami, mu tashe shi Zauro in an yanke shinkahwa. Ga su nan biyu, na rasa wanda zan ɗauka. Kai ka hi ni iya karatun zane."

Albashir ya ajiye waya ya durƙusa. Gaskiya ne ya fi shi iya karatun zane, kuma ya ji daɗin da aka faɗa, ko da yake ba a gaban wanda yake so ba.

Na farko jirgin feshi ne sak, an rage shi kawai. Dogon hanci, tankin magani a gaban matuƙi, siririn fiffike a ƙasan ciki, bututun feshi a jere a bayansa, ba a bar ko ƙusa ɗaya ba. Da katako za a yi shi, zai yi nauyi, sai injin fetur ne zai ɗaga shi. Irin wannan in bai yi gudu ba faɗowa yake yi. Na biyu kuwa mai zanen ya ɗan yi wayo. Ya faɗaɗa fiffiken, ya ƙara masa kauri, ya tsawaita jela, ya ce a yi jikin da farin soso mara nauyi a sa masa batir. A kusa ba shi da kyan na farko, cikinsa ya yi tulu. Amma a sama zai yi tafiyar mai keke da ba ya sauri, har mutum ya ƙare masa kallo.

Bai ɗauki Albashir lokaci ba ya gane. Tsohon da ba ya ganin akuya in ta ruga, ina zai ga jirgin da ke tsaga iska? Na biyu ne jirgin Baba, ko shakka babu. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya hango abin kamar yana faruwa a gabansa: jirgi ruwan ɗorawa yana shawagi a kan fadama, tsohon ya ɗaga kai yana bin sa da ido, mutanen Zauro sun taru, sannan a juyo a ce Mujtaba yana da hannu. Kishi ya taso masa, ɗanye, irin wanda ya sha ji yana yaro.

"Wanga na biyu abin wasan yara na," ya ce, yana ture shi da bayan hannu. "Kai da anka sani da aiki, ka kai ma Baba soso? Ɗauki na hwarko. Shi na jirgin gaskiya."

"Nima ya hi burge ni," in ji Mujtaba. "Sai dai gudun nika tsoro. Ka san idon Baba."

"Ka rage mai wuta mana in ka zo kusa. Kai da ka iya tuƙi."

Albashir ya san sarai in aka rage wa irin wannan jirgi wuta hancinsa zai duba ƙasa, dole mai tuƙi ya ƙara. Mujtaba ya gyaɗa kai ya ce tunda Yaya ya gani shi ke nan. Abin da ke ba Albashir haushi da yaron nan ke nan, ba ya zargin kowa. Da ya yi gardama da an samu abin riƙewa. Da Albashir zai tafi ya naɗe zane na biyu ya sa a hammata, ya ce bari ya ɗauke masa kada ya cika ɗaki.

Washegari zanen yana shimfiɗe a barandarsa a Gwadangaji. Soso ba ya yi masa wuya, kullum yana kwance faranti da batura daga cikinsa. Ya samo tukurwa ya tsaga ta sirara don ƙashin fiffike, ya wasa reza, ya zauna. Duk ranar da aiki ya sake shi da wuri, sai ya dawo ya yanka, ya goge, ya liƙa, farar ƙura ta cika masa gashin hannu.

Matarsa Ɗayyaba ta tsaya a kansa wata rana da tiren shinkafa a hannu tana tsince tsakuwa. Ita da Hamida matar Mujtaba ba sa kwana biyu ba su yi waya ba, saboda haka babu abin da ke faruwa a Argungu da ba ta sani ba.

"Wanga ba shi na kac ce ma Mujtaba na yara na ba?"

"Baba na da ɗiya biyu, sai shi samu jirgi biyu. Mi aibin haka?"

"Babu aibi. Ka hwaɗa mai dai."

"Zan hwaɗa mai."

"Kuma in na yara na, mi ya sa kaka goge shi awa za a kai shi biki?"

Ya ci gaba da gogewa. Ta ɗan ƙara tsayawa, ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tsince, ta koma kicin.

Sai da jikin jirgin ya haɗu sannan ya gaya wa Mujtaba, a ƙarshen wata waya, kamar abin da ya tuna da shi a makare. Ya shirya jin an yi shiru, ko an tambaye shi dalili. Mujtaba ya yi dariya ya ce madalla, sai su tashe su rana ɗaya. Bayan kwana kaɗan direban motar Argungu ya kawo masa gwangwanin fenti ruwan ɗorawa, wai don jiragen su zo launi ɗaya. Albashir ya daɗe yana kallon gwangwanin kafin ya buɗe shi. Fentin mai kyau ne, wannan ma ya ƙara masa haushi.

Bidiyon da Mujtaba ke turo masa kuma ba sa yankewa. Mujtaba ya cire inji daga wata tsohuwar na'urar feshi ta goyo ya gyara shi ya ɗaura wa jirgin. Ga shi yana fere hanci, ga shi yana lanƙwasa bututu. A bayan kowane bidiyo ana jin muryar tsohon yana tambaya an kai ina, wani lokaci yana cewa a ba shi ya shafa. Albashir yakan kalla sau biyu, na farko don ya ga aikin, na biyu don ya nemi kuskure, kuma ba ya samu. Sai ya lallashi kansa da cewa duk kyan nan Baba ba zai gan shi a sama ba.

Ranar da ya gwada nasa, shi kaɗai ya fita bayan gari da safe. Ya kunna, farfela ta yi ɗan zuu kamar fanka, jirgin ya gangara kaɗan ya rabu da ƙasa. Ya hau a natse, ya kwanta a kan iska, ya juyo yana tafe kamar ba ya son isowa. Albashir ya ji daɗi na gaske. Na ɗan lokaci ya manta da Mujtaba, ya manta da Argungu, ya koma yaron da ke jefa karan dawa daga kan katanga. Da jirgin ya sauka a gabansa sai tunanin ya dawo, ya ce a ransa wannan karon dole tsohon ya faɗi sunansa.

Aka yanke shinkafar rani. Fadamar Zauro ta zama fili, sai kututture da tarin bambaro nan da can, da masussuka da ƙafa ta daddaɓe ta yi sumul. Nan suka haɗu da hantsi, kafin iska ta tashi. Mujtaba ya iso da tsohon a gidan gaba, jirgin ɗaure a saman mota, Hamida a baya da kular abinci. Ɗayyaba ta je ta same ta a gindin wata giginya. Manoma da suka san Malam Riskuwa tun yana noma a nan suka taho gaisuwa, mata masu shiƙa suka ajiye faifai.

Abin da Albashir bai zata ba shi ne gorar da tsohon ya fito da ita daga mota, da farin ƙyalle ɗaure a kanta. Aka kawo masa kujera ya ce a mayar. Ya sa aka kai shi can ƙarshen filin, ya kafa ƙafafu, ya ce kowa ya ba shi wuri.

"Ƙarami shi hwara," in ji Albashir, da murya mai kama da karamci.

Mujtaba ya zuba mai, ya murza farfela. Injin ya yi tari, ya kama, ya ɓarke da ƙara har awakin da ke kiwo a kututture suka watse. Warin fetur da baƙin mai ya cika wurin. Jirgin ya ruga a kan masussuka ya tashi, kafin a ce wani abu ya yi nisa wajen gulbi ya zama ɗigo. Albashir ba jirgin yake kallo ba, fuskar tsohon yake kallo. Idanun ba su bi komai ba, suna nan a buɗe suna duban inda babu kowa. Daɗi ya ratsa shi, mummunan daɗi, kuma ya san mummuna ne bai kore shi ba.

Jirgin ya juyo, ya yi ƙasa, ya miƙo. Sai gorar ta tashi sama. Tsohon ya juya ƙirjinsa daidai inda ƙarar take fitowa, ya ɗaga ƙyallen da hannu biyu yana kaɗawa. Ƙugin ya ƙaru, ya ƙaru, Albashir ya ga kamar ya kamata wani ya ruga ya janye shi. A daidai lokacin tsohon ya duƙe ya sa fuska ƙasa, jirgin ya wuce ta samansa da ruri, hularsa ta tashi ta faɗa cikin bambaro. Ya miƙe ba tare da ya dafa komai ba, ya gusa gefe, ya juya ya fuskanci ɗaya ɓangaren, ya sake ɗaga tuta. Dariya yake yi, ana ganin wawulonsa.

"Juyo da shi," ya ce da ƙarfi. "Juyo da shi, ga layi nan."

Mujtaba ya juyo da shi. Haka suka yi ta yi, tsohon yana duƙawa yana gusawa har ya ci rabin faɗin gonar, tsofaffin manoma suna tafa masa. Albashir ya tsaya riƙe da rimot ɗinsa, maganar da ya sha ji yana duba waya ta dawo masa kalma bayan kalma. Mai tuta ba ya kallon jirgi. Mutumin nan bai taɓa cewa yana so ya gani ba, cewa ya yi ya bi ta bisa kansa.

Da aka sauke na Mujtaba aka ce saura na Yaya. Ba yadda zai yi, ya kunna. Jirgin ya tashi yadda ya tashi ranar gwaji, ya ma fi. Ya bi saman kututture a hankali, rana tana dukan fentin, ana iya ƙirga bututun da ke bayan fiffikensa. Mata suka riƙe baki, wani manomi ya ce wannan ai balbela ce aka yi wa fenti. Albashir ya kai shi daidai kan tsohon, ƙasa-ƙasa, inuwarsa ta bi ta kan kafaɗarsa ta wuce. Ya zagayo ya sake bi. Malam Riskuwa yana tsaye, tutar a ƙasa, ya karkata kunne sama yana jira.

"Albashir, tashe shi mana."

"Baba, ga shi nan bisa kanka," in ji Mujtaba.

Tsohon ya ɗaga kai ya kare rana da tafin hannu, ya ƙanƙance ido. Ya ce ya ga wani abu ja-ja, madalla. Ya tambaya ko shi wannan ba shi da murya, aka ce masa na batir ne. Ya ce to, ya yi kyau, da muryar da ake yaba wa jika in ya kawo zanen da ya yi a makaranta. Sannan ya tambayi Mujtaba ko da sauran mai a cikin nasa.

Albashir ya sauke jirgin kusa da tarin bambaro. Bai taɓa yin saukar da ta kai wannan kyau ba, kuma ba wanda ya lura sai Ɗayyaba.

Aka samu aka zaunar da tsohon ya sha ruwa, aka kakkaɓe masa hula. Numfashinsa bai gama daidaita ba ya kamo hannun Mujtaba yana tambayarsa yadda aka yi ya san irin wanda zai yi, har warin ma shi ne. Albashir ya sunkuyar da kai yana jiran kalmar da ya sani.

"Ni ba ni niz zaɓa ba, Baba," in ji Mujtaba. "Zane biyu nis samo. Tsoron gudu ya kusa sa in ɗauki mai tahiya sannu, Yaya yah hana ni. Shi yac ce wanga shi na jirgin gaskiya."

Tsohon ya ɗaga kai. Ya saki hannun Mujtaba ya miƙa nasa cikin iska.

"Albashir, matso."

Ya matso ya durƙusa. Hannun ya lalubo wuyan hannunsa ya riƙe, busasshe.

"Ashe kana saurare na. Ni ina cewa in ina labarin ga, wayarka kaka kallo, ka gaji da surutun tsoho. Na daɗe ina riƙe da wannan a raina, ka yahe mani. Kai ka san abin da nika so, ƙanenka yab bi da hannu. Allah shi yi ma albarka."

Manoma suka ce amin, Hamida ta ce amin. Ɗayyaba ta duƙa tana gyara murfin kular da ba abin da ya same shi. Albashir ya daɗe yana jiran ranar da tsohon zai kira sunansa a gaban mutanen Zauro ya sa masa albarka shi kaɗai, ga ta ta zo, kuma ya rasa inda zai ajiye ta. Kunya ta rufe shi har kunnuwansa suka yi zafi. Ya ce amin, Baba.

Tsohon ya riga ya lalubi gorarsa yana miƙewa, yana cewa a ƙara ko sau ɗaya kafin rana ta yi zafi. Mujtaba ya cika tanki ya durƙusa a gaban farfela.

"Yaya, riƙe mani jela kada shi ruga."

Albashir ya zagaya ya tsuguna ya kama jelar da hannu biyu. Can gefe wata akuya ta dawo tana shinshina fiffiken sosonsa. Injin ya kama, hayaƙi da iska suka bugi fuskarsa, ya riƙe har Mujtaba ya ce ya saki.